Mintsinin Inna

Ranar Sallar da ta wuce ina kwance a ɗaki, ku huɗu kuna falo kuna yanke shawarar inda za a kai ni. Ƙafata ce ke ciwo, kunnena lafiyarsa ƙalau. Na ji Aminu yana cewa ya riga ya sa an gyara mini ɗaki a gidansa na Abuja. Na ji Hadiza ta ce to idan Mama ta ƙi fa. Na kuma ji amsar da ya ba ta, wai ya san Mama, ko ta ce a'a kara ce kawai take yi, a ranta tana so. Taku goma ne tsakanin kujerar da yake zaune da gadon da nake kwance, amma a cikinku babu wanda ya yi takun nan. Da kuka gama sai kuka shigo da fara'arku kuna tambayata ko zan sha shayi. Ban tanka ba a ranar don kada in ɓata wa jikokina Sallah, amma kwana uku na yi ina tafasa, kuma har yanzu da nake riƙe da biron nan ban huce ba. Don haka zan ba ku labarin shekarar da muka yi wa kakarku irin abin da kuke shirin yi mini. Na san an gaya muku wai a kan gidan Ƙofar Guga muka ɓata da kawunku Lawal, wai baƙin ciki na yi da ɗaukakar da Allah ya ba shi. Ƙarya ne. Ko tubali ɗaya ban taɓa nema a gidan nan ba.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce, karon da abin ya ɗore. Gari ya ɗau zafi, kowane bango an manna masa fuskar wani, rediyo ba ta da zance sai na zaɓe. Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ku kuma kuna ƙanana, Hadiza ma tana goye. Ana saura 'yan watanni zaɓe Inna ta faɗi a bakin murhu da hantsi tana dama kunu. Hawan jini ne. Aka yi sati biyu a asibiti, aka sallamo mana ita ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗungurungum. Abin da ya rage mata a jiki wuya ne da hannun hagu. Mu biyu muka rage mata a duniya, Yaya Lawal ɗan farinta da ni autarta, mahaifinmu kuwa ya daɗe da rasuwa. A sashen gaba na gidan kuwa, ƙaninta ne ke zaune da iyalinsa, Kawu Isuhu, tsohon magatakardan kotu, mutumin da ya shekara talatin yana rubuta maganganun mutane har ya ɗauka ya gama karanta ɗan Adam. Matarsa ce ke kula da Inna da safe, ni kuma ina tashi daga makaranta can nake zarcewa sai magariba.

Sai na yi muku bayanin wani abu, tunda ku 'yan yanzu ne masu rungumar 'ya'yanku a gaban surukai. Inna mutuniyar dā ce, tana kunyar ɗan fari irin kunyar da yanzu ba a yi. Tunda ta haifi Yaya Lawal ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya shigo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya fuska bango ta amsa can ƙasa-ƙasa. In tana so ya ci abinci, ni za ta cewa in gaya wa wancan ga tuwo nan. Shekararsa arba'in da takwas a lokacin, kuma ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta kalli fuskarsa ba. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa ƙi ne. Kowa ya san juya fuskar nan ita ce iyakar son da aka yarda ta nuna.

Da aka dawo da ita daga asibiti, sai muka mayar da ita jaririya. Mu juya ta, mu wanke ta, mu ɗura mata abin da muka ga dama, mu tsaya a kanta muna zancenta kamar ba ta wurin. Wadda ta fara tuna mana cewa akwai mutum a kwance ita ce Iya Dije, maƙwabciyarmu mai kitso, ƙawar Inna tun suna amare. Ta shigo da tsinkenta da man kaɗanya, ta sa aka fito da Inna gindin bedi, wato darbejiyar tsakar gida, ta ɗora kanta a cinya, ta buɗe hira kamar yadda suka saba. Ta ba ta labarin wanda ya yi aure da wanda ya saki, kuma duk inda Inna ta saba sa baki sai ta yi shiru ta bar mata wurin. Ni ina gefe ina jin haushi, ina ganin tsohuwa tana ɓata bakinta. Can sai ta kira Inna da sunanta ta ce:

"Kulu, yau shuku zan maki irin na 'yan mata, ko Allah ya sa wani ɗan siyasa ya ƙyalla ido."

Sai kawai na ji ta ƙwalla ƙara tana murza cinya.

"Wayyo ni! Rabi, zo ki gani. Ku kuka ce ta tahi? Ga ta nan da muguntarta ba abin da ya ragu."

Mintsininta Inna ta yi. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san mintsinin nan, don ita ba ta dukan yaro, cikin dantse take kamawa ta murɗa. Daga ranar muka samu hanya. In ka ba ta hannunka ka tambaye ta abu, in i ne sai ta danna babban yatsa a tafin hannunka, in a'a ne sai ka ji farce. Cikin sati guda na gano wata guda muka yi muna ɗura mata kunun da ba tsamiya alhali ta tsane shi, na gano tana so a kashe rediyo in 'yan siyasa suka fara, tana so a bar ƙofa a buɗe ta riƙa ganin bedi. Na ce wa Iya Dije lallai ta iya sanin zuciyar mutum. Ta harare ni.

"Wa ya iya sanin zuciya, ɗiyata? Tambaya nike in jira. Ku kau ba ku jira."

Na ji maganar, na ma yi ta maimaita wa mutane kamar ni na ƙirƙiro ta. Za ku ga inda na ajiye ta daga baya.

Aka yi zaɓe, aka rantsar da sabuwar gwamnati, ruwa ya sauka. Yaya Lawal dama ya ajiye aikin gwamnati ya bi 'yan siyasa, sai Allah ya sa nasu suka ci, aka ba shi muƙami da mota da direba da gida a GRA. Wallahi na yi murna, ni na dafa abincin da aka raba a unguwa. Wata Asabar da safe ya zo, aka shimfiɗa tabarma a gindin bedi, ya sa aka kira Kawu, ya ce ya yanke shawarar ɗauke Inna ta koma wurinsa. Ƙofar ɗakinta a buɗe take, tana jin komai. Na ce to an tambaye ta? Ya dube ni irin kallon da yake yi mini tun ina yarinya in na sa baki a maganar manya.

"Rabi, ni na zauna na sa kaina a matsayinta. Da ni ne kwance cikin ɗakin ga, ba fanka, ba famfo, ga sauro, ga rufi na yoyo, ɗana kau na da gida mai ɗaki shidda, mi zan so? Duk mai hankali ya san amsa."

"Kai ne ka kwanta cikin ɗakin a tunaninka, Yaya, ba ita ba. Kai ka saba da fanka. Ita shekara hamsin tana nan."

Kawu ya gyara zama ya yi gyaran murya, yadda yake yi in zai yanke magana.

"Ke yarinya, shekara talatin ina zaune gaban alƙali. Na ga tsohuwa ta fi dubu. Ba su da burin da ya wuce a ce suna gidan ɗansu namiji. Haka suke duka. Ko ta nuna ba ta so, kara ce, kar a ce ta ɗora mashi nauyi."

Yarinya yake ce mini, ina da 'ya'ya huɗu. Ku duba mutanen nan biyu da kyau, don a falona na sake jin muryoyinsu ranar Sallah. Ɗaya ya leƙa cikin kansa ya tarar da kansa, ya sa wa abin da ya gani suna Inna. Ɗayan ya buɗe kundin tsofaffin da ke kansa ya karanto hukunci, ya ce ai ita ma tsohuwa ce. Dukansu suna sonta, ban taɓa musun wannan ba, kuma shi ya fi ba ni haushi, don mai ƙinka kana iya yi masa gardama, mai sonka kuwa da ya riga ya san abin da ke ranka ba shi da kunnen saurare. Na kafe sai an tambaye ta. Yaya ya tashi don a rabu da ni, ya je ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba, ya gaishe ta, ya ce yana so ya ɗauke ta zuwa sabon gida, ko ta yarda. Inna ta juya fuska bango.

"Alhamdu lillahi," in ji Kawu. "Kunyar ɗan fari. Shirun ga yarda ne."

Na shige ɗakin na ba ta hannuna na maimaita tambayar da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ta kama cikin dantsena ta murɗa sai da farce ya shiga, jini ya fito. Na fito na miƙa musu hannun. Yaya ya kalla ya kawar da kai.

"Ke kika riƙe hannun, ke kika hwaɗi abin da ya ce. Wa ya shaida?"

"To zo ka riƙe da kanka."

Suka dube ni kamar na yi saɓo. Kawu ya ce a'uzu billahi, yaushe na lalace har zan sa ɗan fari ya kama hannun uwarsa a gaban mutane. Na ce to shi Kawu ai 'yar'uwarsa ce, ya zo ya riƙe. Ya ce shi ba ya wasan yara. A nan aka tashi. Matar nan wuya kaɗai ya rage mata da za ta ce a'a da shi a gaban ɗanta, kuma juyin wuyan nan shi ne dai wanda ta shekara arba'in da takwas tana yi masa don kunya. Ta yaya zai bambance? Hanya ɗaya ce ta rage, hannu, ita kuma al'ada ta toshe ta tsakaninsu. Ran Litinin aka zo da mota. Duk wanda ya sa hannu a ɗaukarta sai da ya sha mintsini, suka ce tsoron faɗuwa take yi.

Ba zan yi wa gidan GRA ƙarya ba. An ba ta ɗaki mai kyau a gaba, da fanka da makewayi a ciki, an saya mata keken guragu, ma'aikaciyar jinya tana zuwa duba ta, matar Yaya, Hajiya Asma'u, ta riƙe ta da mutunci. Amma wurin shiru ne kamar ba mutane a duniya, ba sallamar maƙwabta, ba talla, ba ƙarar turmi. Iya Dije ta je sau biyu, a na biyun maigadi ya tsayar da ita a rana yana tambayarta takardar me ta zo da ita, ta yi fushi ba ta koma ba. Ni kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan zauna a falon Yaya ba. Ranar Juma'a kawai nake zuwa, in mun tashi da wuri, lokacin da na tabbata ba ya gida, in bar wurin kafin ya dawo. Duk zuwan da zan yi a wuri ɗaya nake tarar da ita, a kan keke a jikin taga, an ɗan janye labule kamar faɗin tafin hannu, ta ƙura wa waje ido. Tagar tana kallon ƙofar shiga ne da inda ake ajiye mota. Hajiya Asma'u ta ce tun da sassafe sai an kai ta nan, da la'asar ma haka, in aka matsar da ita mintsini har sai an mayar. Na ce a raina to me ya rage a faɗa? Ƙofa take kallo, fita take so, gida take so. In koma gida in yi ta kuka ina tsine wa muƙami.

Ga abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Wata uku ina zuwa gidan nan, ina ba ta hannuna ina tambayarta kunu ko fura, a buɗe fanka ko a kashe, amma ko sau ɗaya ban sake tambayarta ko tana son komawa Ƙofar Guga ba. Me zan tambaya? Ina da amsa, ga tabonta a dantsena, ina nuna wa duk wanda ya tsaya saurarena. Na riƙe amsar ranar Asabar ɗin nan kamar takardar hukunci. Ban taɓa kawo wa raina cewa wadda ba ta motsi ma ranta yana motsi ba, cewa mutum yana iya ƙin wuri ranar Litinin ya sami abin so a cikinsa bayan wata guda. Kuma gaskiyar da ta fi wannan ɗaci, ina jin daɗin kasancewa mai gaskiya. Ni ce wadda ta san Inna, su ne jahilai. Ban so in yi tambayar da za ta iya ƙwace mini wannan ba.

Wata Laraba na ji ana babban taro, Yaya da matarsa duk za su wuni a can. Na nemi izini a makaranta, na ɗauki shatar tasi, na ce wa maigadi asibiti za a kai ta. Ni da direban muka ɗauke ta muka sa a baya, na zauna na rungume ta, na ce Inna yau gida za mu. Motar ba ta gama fita ƙofa ba na ji farce. Ta saki ta sake kamawa. Tun daga GRA har muka shiga cikin gari ba ta huta ba, ta kama nan ta kama can, da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Yi haƙuri Inna, ramukan hanya ne. Malam, tafi da mu a hankali. Mun kusa, Inna, yanzu za ki ga bedinki."

Abin da na ce ke nan. Ni da na koya wa duk dangi ma'anar mintsinin nan, ni da na zubar da jini a gaban Kawu don a yarda da shi, ni ce na ce ramukan hanya ne. Da muka isa maƙwabta suka cika gidan ana barka, ana sa mini albarka. Inna ta rufe ido, aka kawo kunu mai tsamiya ta datse baki.

Bayan la'asar Yaya ya zo, ko rigar taron bai cire ba. Ya tsaya a zaure, muryarsa har tsakar gida.

"Kin sace mani uwa da rana tsaka! Kin maida ni abin dariya gaban maigadina! Wallahi ƙafata ba ta ƙara wuce zauren ga muddin kina shiga gidan ga."

"Ka tahi ka riƙe gwamnatinka, mu mun riƙe uwarmu!"

Haka na mayar masa, a gaban mutane, kuma na ji daɗin faɗar. Ya juya ya shiga mota.

Kwana biyu Inna ba ta ci abin kirki ba. A na uku Iya Dije ta zo da tsinkenta, aka fito da ita gindin bedi, ta ɗora kanta a cinya ta fara tsifa. Ba ta yi hira ba ranar. Ta sa hannunta cikin na Inna.

"Kulu, kin ji daɗin dawowa?"

Na ga Iya Dije ta ɗan yamutsa fuska. Farce ne.

"To fankar ce kike so?" Mintsini. "Abincinsu?" Mintsini. "Matar gidan ta yi maki wani abin da ya fi namu?" Mintsini.

Ta ci gaba da tsifa a hankali. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Rabi, tagar ga da kika ce tana zama, mi ake gani ta cikinta?"

"Ƙofa ce kawai, Iya, sai inda ake aje mota."

"Wa ke shiga motar?"

Ta sunkuya daidai kunnen Inna ta rage murya, yadda ake tambayar abin kunya.

"Kulu, wancan kike kallo?"

Inna ta runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ina kallon babban yatsanta ya nutse a tafin Iya Dije, ya daɗe bai ɗaga ba. Iya Dije ta share mata fuska da bakin zane, ba ta dube ni ba ta ce:

"Shekara arba'in da takwas ba ta kalli yaron ga ba. Allah ya ba ta labulen da za ta laɓe ta kalle shi safe da yamma, ba mai ganinta. Ke kin zo kin raba ta da shi."

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in sa mayafi in tafi GRA a ƙafa in durƙusa. Ban yi ba. Na tambayi Inna a mayar da ita, ta danna. Amma na kasa zuwa in tsaya a gaban maigadin da na yi wa ƙarya, na kasa haɗiye maganar da na yi a zaure. Sai na aiki Kawu, na ce ya gaya wa Yaya Inna tana son ganinsa, ya turo mota ko ya zo da kansa. Kawu ya je ya dawo ya ce ya isar, an ce an ji. Kwana ɗaya, biyu, sati, babu mota. Sai na sami sabon abin fushi na rungume, na ce kun gani ko, an gaya masa uwarsa na nemansa amma rantsuwarsa ta fi masa ita. Na ce ba zan motsa ba sai shi ya fara. Aka ce ya yi tafiyar aiki. Zazzaɓi ya kama Inna, daga nan ko an so ɗaukarta ba ta ɗaukuwa. Kwana goma sha tara da dawowarta, da hantsi, ana shirin azumi, ta cika. Fuskarta tana kallon ƙofar ɗaki. Yaya ya zo ya ɗauki makara, bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa, ku kun tashi kun tarar da hakan. Muƙami ya daɗe da tafiya, ya koma gidansa na Ƙofar Kwaya, ciwon suga ya kwantar da shi. Wata rana da azahar na je duba shi na tarar ba kowa a ɗakin, sai na ji in ban faɗa yau ba ba zan ƙara samun dama ba. Na ba shi labarin tagar tun daga farko. Ya saurara yana kallon rufi.

"Na sani," ya ce.

"Ka san mi?"

"Ina ganin labulen na motsi. Mi kike zato ke tsaida ni bakin mota kullum ina buɗe jaka ina duba takardun da na riga na duba? Direba har ya ɗauka mantuwa gare ni. Ban taɓa ɗaga kai ba, na san in na ɗaga ta daina."

Na ji kamar in kama shi in girgiza, da ciwon nasa da komai.

"Ka sani, ka tsaya zaure kana rantsuwa? Mi ya hana ka hwaɗa mani?"

"A hwaɗi irin wagga magana? Ke kuma kin tambaye ni?"

"Na aiko Kawu! Na ce tana nemanka!"

Ya juyo ya dube ni, karon farko cikin shekarun nan.

"Ce mani ya yi tana gaishe ni, jiki da sauƙi."

Kawu ya riga ya rasu a lokacin, ban samu na tambaye shi ba. Ina zaton a kundinsa uwa ba ta aika neman ɗan fari, sai ya gyara saƙon don kada ya kunyata yayarsa. Zato ne, kuma na daina rantsuwa a kan zato. Muka zauna ni da Yaya muna kuka kamar yara, tsoho da tsohuwa, kuma ko a cikin kukan ina jin haushinsa, ina jin na Kawu, na kaina kuwa ya fi duka. Mu uku muka kewaye mace ɗaya kowa yana rantsuwa ya san ranta, mai kitso kaɗai ta zauna ta jira amsa.

To Aminu, kai da ka san Mama. Ban ce ba zan je Abuja ba, ban ce zan je ba, don har yanzu babu wanda ya tambaye ni. Inna hannu ɗaya ya rage mata, ni bakina yana aiki, kun kuwa san yana aiki. Ku yi takun nan goma, ku zauna a bakin gadon, ku tambaya, ku yi shiru har in gama. In na ce a'a, a'a nake nufi ranar. Bayan wata guda ku dawo ku sake tambaya. In kuma Allah ya kawo ranar da bakin ya ɗauke, ku ba ni hannunku. Wanda ya ji farce kada ya kuskura ya ce mini ramukan hanya ne.